Ranar da Malam Nasidi Ya Ga Anacha

Malam Nasidi ya fi shekara goma ba ya gani. Yanar ido ce ta rufe masa idanun biyu, sannu a hankali, har abin da ya rage masa bai wuce bambanta rana da dare ba. Amma hakan bai raba shi da limanci ba. Tun yana saurayi ya zo Anacha daga Aliero a bayan motar albasa. Ya yi dako a kasuwar Ose Okwodu, ya yi awo, daga baya ya zauna gaban tsohon limamin unguwar Hausawa ya yi karatu. Da tsohon ya rasu, jama'a suka tura shi gaba. Masallacin nasu ɗan ƙarami ne, ginin jan bulo da rufin kwano, ga wata ƙofar katako mai nauyi wadda tun zamanin Turawa take a wurin. Yana fuskantar ƙofar gidan Malam, lungu kawai za ka tsallaka.

Abu biyu ne Malam ba ya so a taɓo masa. Na farko aikin ido, domin a gabansa wani mai maganin gargajiya ya taɓa soka wa abokinsa allura a ido, idon ya tsiyaye. Na biyu kuma masallacin. Duk sa'ad da wani ya kawo zancen a rushe a yi na zamani, amsarsa ɗaya ce.

"Ranar da kuka cire bulo ɗaya a ginin nan, ranar zan hau mota in koma Aliero. Sai ku nemi wani limamin."

Kowa a unguwar ya san ba barazana yake yi ba.

'Yarsa Ni'imatu ce ta ci ƙarfinsa a kan zancen idon. Nas ce, tana aure a Fatakwal. Da 'yarta ta yi saukar karatu, sai ta dage lallai kakan yarinya ne zai yi addu'a a wurin walima. Ya je. Aka yi walima aka watse, ita kuwa ta ƙi barinsa ya tafi. Kullum da safe za ta kawo masa kunu ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ni nake miƙa wa likita kayan aikin nan da hannuna. Tsofaffin da suka girme ka ana yi musu, su tashi su tafi gida da ƙafarsu. Ko don ka sake duba Alƙur'ani da idonka."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama shi. Ya yarda aka yi masa.

Da safe aka cire bandejin. Haske ya soke shi har ya kai hannu zai rufe fuska, likita ya riƙe hannun. Da abin ya lafa, sai ya ga wata mace mai ƙiba, da tabarau, fuskarta da layuka a gefen baki, ta zuba masa ido tana hawaye.

"Baiwar Allah, ina Ni'imatu ta shiga?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Yarinyar da ya sani siririya ce, mai ɗan wuya.

"Innalillahi. Kin koma Goggonki Hannatu sak."

Ta fashe da dariya cikin kukan. Shi bai yi dariya ba, domin a lokacin ne idonsa ya sauka a kan hannayensa. Fata ta tattare, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Ya juya su, ya sake juyawa, kamar na wani aka ba shi aro.

Mijinta Aslam ne ya ɗauke su a mota. An sa wa Malam baƙin tabarau saboda rana, amma ya ƙi jingina, ya manne da gilashin mota. Ya san Fatakwal a da, ya sha kawo albasa kasuwar Creek Road. Garin da ya sani na itatuwa ne da gidaje masu farfajiya, benen da ya fi tsawo ka iya ƙirga tagoginsa kana tafiya. Yanzu motar ta hau wata gadar sama, ya duba ƙasa ya ga rufin gidaje da wasu motocin suna wucewa ta ƙarƙashinsu. Ya damƙi kujera.

"Aslam, ruwa ne a ƙasa?"

"A'a, Baba, titi ne. Titi a kan titi."

Suka sauka daga wannan, ba a jima ba suka hau wata. Can gaba wani dogon gini ya taso, daga ƙasa har sama gilashi ne mai shuɗi-shuɗi, gajimare na yawo a jikinsa.

"Mutane ne a cikin wancan?"

"Ofisoshi ne."

"To ina bangon?"

Malam ya ce a bi da shi ta tsohon gari, wajen Creek Road, ko zai ga abin da ya sani. Aka bi. A nan ya ɗan samu numfashi. Ga tsofaffin benaye masu hawa ɗaya, da barandar katako da ta fara ruɓewa, kwanonsu ya yi ja da tsatsa. Har ya gane wani da suke kwana a ƙarƙashin barandarsa idan mota ta sauke su. Amma a jikinsa an kafa wani otal mai fararen tayil, ya ninka shi sau huɗu, ya tokare shi har tagogin gefe ba sa buɗuwa.

"Sun matse shi kamar tsoho a motar haya," in ji Malam. Ya girgiza kai. "Fatakwal ta haukace. Alhamdulillahi, mu dai a Anacha lungunmu yana nan yadda na bar shi."

Ni'imatu ta dubi mijinta ta madubi. Aslam ya ƙara sautin rediyo.

Da yamma aka kira gida. Babban ɗansa Isah, wanda ke dillancin albasa a Ose kuma shi ke riƙe da gidan, shi ya ɗauka. Malam ya gaya masa da bakinsa cewa idonsa ya buɗe. Muryar Isah ta fito a sanyaye.

"Baba, gani kake yi? Sosai da sosai?"

"Ina ganin ƙudan da ke kan tabarma. Kai, kamar ba ka yi murna ba."

"Na yi murna, wallahi na yi. Allah mun gode maka. Amma ka huta tukuna, kada ka yi saurin dawowa. Malam Umair yana ja mana salla, ba abin da ya lalace."

Malam Umair shi ne na'ibinsa, ɗalibinsa ne tun yana ƙarami. Malam ya huta kamar yadda likita ya ce, amma da aka sallame shi ya ce gida. Isah ya sake bugowa ya ce ai Malam Kallamu na Inugu yana fama da ƙafa, bai kamata a wuce ba a gaishe shi ba. Inugu ba a kan hanya take ba, sai an yi zagaye. Amma Kallamu aminin Malam ne, tare suka yi karatu, don haka bai yi musu ba. Ni'imatu ta ɗauki hutu ta raka shi.

Inugu ta fi kwanta masa a rai. Tuddai ne kore shar suka kewaye garin, tituna masu faɗi, kana iya hango nesa. Ya ga tsofaffin gidajen ma'aikatan kwal da na reluwe a jere, duk kai ɗaya, ya ga manyan kantunan zamani masu filin ajiye motoci da ya fi wata unguwar girma. Amma a nan sabon gini da tsoho kowa yana gefensa, ba wanda ya taka wani.

Suka samu Malam Kallamu a zaurensa a unguwar Hausawa, ya miƙe ƙafar da ta kumbura a kan matashi. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna, suka yi gaisuwa mai tsawo, iyali da jama'a da jiki da gajiyar hanya. Sannan Malam Nasidi ya kalle shi da kyau ya ce, "Ashe kai ma ka tsufa haka."

"Ni na daɗe da sani. Kai ne sabon labari ya iske."

Aka kawo tuwo suka ci. Malam Nasidi ya shiga ba da labarin Fatakwal, gadoji da ginin da ba shi da bango. Kallamu ya saurara har ya gama.

"Kowane gari da abin da ya matsa masa," in ji Kallamu. "Mu nan muna da fili, sai garin ya bazu. Fatakwal ruwa ya tare ta ta ko'ina. Ku kuwa a Anacha kasuwa ce ta cinye ƙasar, ba inda ya rage sai sama. Kowa ya hau kan wani."

"Ban da lungunmu."

"Yaushe rabonka da lungun naku?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Kullum ina ciki."

"Na ce da ganinsa."

Malam Nasidi ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. Ni'imatu, wadda ke zaune a bakin ƙofa, ta tashi ta shige cikin gida wurin matan.

"Kallamu, akwai abin da ka sani?"

"Akwai. Amma ba a bakina za ka ji ba, ba ni da wannan hurumin. Abu ɗaya nake roƙonka saboda zaman da muka yi. Idan ka isa, ka samu wuri ka zauna kafin ka buɗe baki."

Duk yadda ya matsa, Kallamu bai ƙara ko kalma ba. A mota kuma Ni'imatu ta rufe fuska da mayafi ta ce kanta ke ciwo.

Tun daga Nkpor, a bakin shiga Anacha, ya fara ganin abin da Kallamu yake nufi. Benaye ne jere a jikin juna, hawa huɗu, hawa biyar, wasu ko filasta ba a yi musu ba, rodi ya miƙe a samansu yana jiran wani hawan. Kowane rufi da baƙaƙen tankunan ruwa. Ba gilashin Fatakwal a nan, ba kuma sararin Inugu. Siminti ne tsagwaronsa, da allunan talla, da wayoyin lantarki a harɗe. Ya yi ta neman wani abu da zai gane. Inda ya san gidan mai, bene ne. Inda ya san filin da ake sauke shanu, bene ne. Shekarun nan duk yana bin titunan nan a bayan babur ɗin haya, yana jin hayaniyarsu, a ransa kuma yana ganin garin da ya sani.

Keke mai ƙafa uku ya sauke su a bakin lungu bayan azahar. Jama'a sun taru, 'yan albasa da 'yan barkono da masu dako, dattawan unguwa a gaba. Amma ba hayaniyar murna. Sai sannu da zuwa a hankali, kowa na kallon ƙasa. Matarsa Kubura tana tsaye a ƙofar gida. Ya gane ta nan take, duk da ta rame ta ranƙwafa. Ya yi mata murmushi, ita ba ta mayar ba. Idonta yana kan wani abu a bayansa.

Ya juya.

A inda masallaci yake, wani bene ne mai hawa biyar ya tashi, jikinsa shuɗin tayil, kowace baranda cike da janareta da kwalaye da allunan masu sayar da waya. Ya bi shi da kallo har hularsa ta kusa faɗuwa. Sannan ya sauko da idonsa ƙasa. A can ƙarƙashin benen, tsakanin wasu manyan ginshiƙan siminti, ga masallacinsa. Jan bulon nan ne, ƙofar katakon nan ce, har da dakalin da ake ajiye butoci. An yaye kwanon, an zuba dekin a kansa, an ɗora duniya guda a bisa. Ya zama kamar wani ɗan shago a cikin shaguna.

Sandar hannunsa ta faɗi. Wani ya yi maza ya kawo benci, amma bai zauna ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita, ya sake maimaitawa. "Mene ne wannan? Jama'a, mene ne wannan nake gani?"

Nan take abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Watannin da suka yi suna salla a rumfar albasa, aka ce masa ana gyaran rufi. Ƙarar injin kwaɓa siminti da aka ce maƙwabci ne ke gini. Ranar da aka yi ruwan sama suna cikin salla bai ji ƙararsa a kan kwano ba, ya tambaya, aka ce silin mai kauri aka saka. Har addu'a ya yi wa waɗanda suka saka silin ɗin.

"Wa ya yi wannan?"

Isah ya fito daga cikin mutane. Magidanci ne mai furfura a gemu, amma ya zube a kan gwiwoyinsa a tsakiyar lungu.

"Baba, ni ne na tsaya a kai. Filin nan ka san ba namu ba ne, aro ne tsohon mai ƙasar ya ba su Malam na da. Da ya mutu 'ya'yansa suka sayar wa wani ɗan kasuwa, Oga Obiora. Ranar da muka sani, katafila tana bakin lungu. Muka je da dattawa, muka yi ta zarya, muka roƙe shi. Da ƙyar ya yarda ya kafa ginshiƙai ya yi gininsa a sama, ya bar mana ƙasa. In ba haka ba da babu masallacin gaba ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Kafin a haifi Mu'minat."

Mu'minat 'yar autar Isah ce. Ga ta can a bayan kakarta da kayan makaranta a jikinta.

"Kuma ba a cire bulo ko ɗaya ba, Baba," in ji Isah da sauri. "Na tsaya a kan magina da kaina. Kwanon kawai aka..."

"Kada ka yi mini wayo da maganata!"

Muryar ta fito da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. Har 'yan saman bene suka leƙo. Ya bi fuskokin dattawan da kallo, mutanen da suke tsayawa a bayansa sau biyar a yini. Kowa ya kawar da kai. Ya juya wurin matarsa.

"Kubura, har ke?"

"Har ni, Malam. Ni ce ma na ce kada a gaya maka."

Sai a lokacin ya zauna a kan bencin.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa, ya miƙe ya tsallaka lungun, ya tura ƙofar katakon. Ciki yana nan yadda yake. Ga wurin tsayuwarsa, ga ƙusar da yake rataye carbi, ga inda bango ya yi santsi saboda dafawar hannunsa. Ya ɗaga kai. Siminti ne fari fat, da fitilu dogaye. Yana tsaye ya ji ana jan wani abu mai nauyi a samansa, da takun ƙafafu.

"Umair."

"Na'am, Malam."

"Me ke kanmu idan mun yi sujada?"

"Sito ne, Allah gafarta Malam. Barkono da albasa. Mutanenmu ne suka kama hayar wurin don kada wani ya shiga. Kuma mun kafa sharaɗi ba za a yi banɗaki a saitin masallaci ba, har sama."

"Na daina karɓar labari. Mu je in gani."

Ni'imatu ta ce hawan bene ba zai yi wa idon kyau ba. Bai ko kalle ta ba. Umair ya riƙe masa hannu suka kama matattakala. A hawa na farko ya shiga siton, ya zagaya buhuna, ya duba kowane lungu. A na biyu shagunan waya ne, samarin Ibo cike da baranda. Suna ganinsa suka miƙe.

"Papa Imam! You don dey see?"

Da Turancin kasuwa suke tambayarsa ko ya fara gani. Suka kewaye shi suna murna, wani ya kawo masa kujera, wani ruwan sanyi. Ashe duk sun san shi. Ɗaya daga cikinsu, wanda ke jin Hausa, ya ce ai tun ranar da suka kama shago aka gargaɗe su, in tsoho yana wucewa kada wanda ya yi magana daga sama. Malam ya dubi Umair. Umair ya dubi takalmansa.

Ya ci gaba da hawa, yana tsayawa yana haki. A kowane hawa sai ya nemi inda bututun banɗaki ya bi, ya tabbatar ta bayan ginin ya sauka, nesa da masallaci. A wannan dai ba su yi masa ƙarya ba.

Da suka fito kan rufin, iska ta buge shi. Bai taɓa tsayawa a wuri mai tsawo haka ba a Anacha. Ga kogin Kwara shimfiɗe, ya fi yadda yake tunawa faɗi. Ga tsohuwar gadar ƙarfe da ya shigo garin ta kanta. Can ƙasa da ita kuma wata ce, doguwa, fara.

"Gada biyu nake gani, ko idon ne?"

"Biyu ne, Malam. Sabuwar ce waccan."

Ya juya ta ɗaya gefen. Rufin babbar kasuwa ya tafi iyakar gani. Hasumiyar tsohon cocin da a da ake hangowa daga ko'ina tana nan, amma sai da Umair ya nuna masa ita da yatsa a tsakanin benaye. Sannan ya matsa bakin katanga ya leƙa ƙasa. Wani ɗan rufin kwano ya gani, ja da tsatsa, benaye sun kewaye shi ta gefe uku, da ɗan tsakar gida inda wata mace ke kwashe shanya.

"Wancan kangon fa, na waye?"

Umair ya sassauta murya. "Gidanka ne, Malam."

Ya sulale ya zauna a jikin tankin ruwa. Suna nan aka kira la'asar daga ƙasa, sautin ya hawo musu ta tsakanin janaretoci.

"Sauka ka ja su," in ji shi.

"Malam, jama'a kai suke jira."

"Na ce ka sauka."

Kwanakin da suka biyo baya bai tsallaka lungun ba. A ɗakinsa yake salla. Isah zai zo gaisuwa da safe, ya durƙusa a bakin ƙofa, Malam ya amsa da kalma ɗaya ya ci gaba da duba Alƙur'aninsa. Dattawa suka zo, ya ce a ce musu yana hutawa. Ni'imatu tana ɗiga masa magani a ido tana auna jininsa, ta ga yana hawa, ta rasa wanda za ta gaya wa. Ita ma ba ya yi mata magana sai ta zama dole.

Wata safiya ya ce wa Kubura ta haɗa musu kaya, za su Aliero.

Tana tankaɗen gari a tsakar gida. Ba ta ajiye rariyar ba.

"Sai dai in haɗa naka."

"Me kika ce?"

"Ban taɓa yi maka musu ba, Malam, yau zan yi. 'Ya'yana biyu a ƙasar garin nan suke kwance. Jikokina a nan suke. Wa ka sani a Aliero yanzu? Waɗanda ka sani duk sun rasu. Kana tsammanin can ɗin ma tana nan yadda ka baro ta?"

"Kun mai da ni abin dariya. Har yaran Ibo an haɗa baki da su."

"Ba wanda ya yi maka dariya. Ranar da katafilar nan ta zo, kana ɗaki kana jan carbi. Isah ya shigo nan inda nake zaune, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce Inna yaya zan yi. In an gaya maka, za ka fita ka tsaya gaban katafila, ba ka gani, a cikin garin da ba namu ba. Ko dai a taka ka, ko rigima ta tashi a ƙone unguwar. In kuma ka tsira, ka hau mota ka tafi ka mutu a inda ba mai ba ka ruwa. Na auna, na zaɓi ƙarya. In zunubi ne, nawa ne, na kuma san Wanda zan amsa wa."

Ya koma ɗaki ya sakaya ƙofa. Ba a sake zancen kaya ba.

Ranar Alhamis bayan azahar ya aika a kira dattawa da Isah da Umair. Suka cika ɗan zauren gidan, wasu a tsaye. Ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya yi magana a hankali.

"Na yi tunani a kan ginin nan. Ban ce kun yi kuskure da kuka karɓi abin da aka ba ku ba. Da ni ne a gaba, da taurin kaina ya jawo mun rasa wurin ɗungurungum, wataƙila har da rayuka. Salla a cikinsa ta inganta, na duba da idona. Isah, abin da ka yi ƙoƙari ne, Allah Ya saka maka."

Isah ya sunkuyar da kai.

"Amma ba zan sake shiga gabanku ba."

Zauren ya ruɗe. Wani dattijo, Alhaji Baba mai barkono, ya ɗaga hannu. "Haba Malam, a yi haƙuri mana. Wallahi don ƙaunarka aka yi."

"Na sani, Alhaji. Ba fushi ba ne, fushin ya wuce. Shekara da shekaru kuna bayana, kowannenku yana ɗauke da magana a ciki, ba wanda ya iya gaya mini. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Ni na mai da kaina mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya. Irin wannan bai kamata ya ja mutane salla ba. Umair ya iya karatu, kuma kuna iya yi masa musu. Shi ne limaminku."

Umair ya fashe da kuka ya ce ba zai iya ba Malam na raye. Aka yi ta roƙo har la'asar ta kawo jiki. Malam bai canja ba.

Da aka kira salla ya tashi tare da su, ya tsallaka lungun. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, ya ɗaga kai ya dubi hawa biyar ɗin nan, ya sauke. Ya shiga ya tsaya a sahun farko, daidai bayan liman. Umair ya waiwayo yana jiran ko zai canja ra'ayi. Malam ya nuna masa gaba da haɓa. Umair ya juya ya yi kabbara.

Da aka idar, Malam ya daɗe a zaune, jama'a suka fita suka bar shi. Da ya fito, Isah na tsaye a bakin dakali riƙe da takalmansa. Ya durƙusa ya ajiye su a gabansa, ya daidaita su. Malam ya dafa kafaɗarsa ya saka ƙafa ɗaya, ya saka ɗayar, bai ɗauke hannun ba har suka shiga gida.